Sanƙarau a Ɗakin Jego: Nazari kan Cutar Bairas a Ƙwaƙwalwar Jarirai a Kudancin Kano

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kano kafin 1996 yana da siffar sanƙarau a ransa, kuma siffa ce guda. Bazara ta tsananta, iska ta bushe, yaro ɗan shekara bakwai ko saurayi ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, kafin gari ya waye wuya ya ƙi lanƙwasuwa. A annobar 1996 Najeriya kaɗai ta lissafa mutum fiye da 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. An sake ganin irinta a 2017, ko da yake ba ta kai ta ba, ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato. Wannan sanƙarau na bakteriya ne. Da rani yake zuwa, ya ja da baya da saukar ruwan farko, kuma dominsa aka shigo da allurar MenAfriVac a 2011, da Men5CV wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024.

Jaririn da bai cika wata uku ba ba ya shiga wannan siffa ta ko'ina. Wuyansa ba ya sanƙarewa, ciwonsa ba ya jiran bazara, kuma sau da yawa ƙwayar da ta kama shi ba bakteriya ba ce, bairas ce, wadda waɗancan allurai ba su da hurumi a kanta. A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda yawancin haihuwa a gida ake yi kuma babban asibiti na da tazara, wannan saɓani tsakanin abin da manya ke jiran gani da abin da ke faruwa a kan gadon mai jego shi ke cinye sa'o'in da ya kamata a ce an kama hanya.

Dalilin saɓanin yana cikin halittar jaririn. Ƙwaƙwalwa da laka suna lulluɓe da tantani uku, da wani ruwa garai-garai da ke zagayawa a tsakaninsu. Idan ƙwayar cuta ta kumbura tantanin, sanƙarau ke nan. Idan ta zarce cikin naman ƙwaƙwalwar ciwon ya fi muni, kuma a jarirai ana yawan samun biyun a haɗe. Ƙoƙon kan babba a rufe yake ruf, kumburi ba shi da wajen zuwa, don haka sai ciwon kai da amai. Shi kuwa jariri ƙasusuwan kansa ba su gama haɗuwa ba, maɗigarsa a buɗe take, tsokar wuyansa ba ta yi ƙwari ba. Abin da uwa za ta gani shi ne ya ƙi kama nono, ko ya kama ya saki. Ya yi kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya yi masa komai, ɗauka ma ƙara shi take yi. Ko kuma ya yi barci mai nauyi, sai an girgiza shi yake motsi. Jiki na iya yin zafi, yana kuma iya yin sanyi ƙalau, wanda a jariri sabon haihuwa bai fi zafin sauƙi ba. Tasowar maɗiga takan zo a makare. Jijjigarsa ma ba irin ta manya ba ce: ƙafewar ido ce, ko tsotsar leɓe babu nono a baki, ko ƙafafu su riƙa juyawa kamar mai tuƙa keke, ko numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo.

Kowace ɗaya daga waɗannan tana da fassararta a gida. Ƙin nono, a ce nonon ne bai kawo sosai ba. Kuka, kaka ta ce, "Ciwon ciki ne, 'yar nan, a ba shi dauri." Ƙafewar ido, a ce iska ce, a nemo rubutu da hayaƙi. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce yabo: "Wannan yaro ba shi da rigima, sai barci." Ba jahilci ne ke sa kakanni faɗin haka ba. A mafi yawan lokuta gaskiyarsu ce, domin jarirai da yawa suna kuka suna barci ba tare da komai ba. Tsarin gida ba shi da ma'aunin da zai tsamo ɗayan da ba haka yake ba.

Mafi yawan sanƙarau na bairas, a ƙasashen da ke gwaji har su gano sanadi, dangin entarobairas ne ke kawo shi, kashi 85 cikin 100 ko fiye. Dangi ne mai rassa sama da 100. Mazauninsu hanji, hanyarsu daga bayan gida zuwa baki ta hannu da ruwa da kwano, wasu kuma ta majina da tari. Mutanen Kano sun san ɗaya daga cikinsu farin sani, wato ƙwayar shan inna. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu wajen ɗaya ne ke shanyewa. Galibi ba a ganin komai, 'yan kaɗan kuma su yi sanƙarau mai wucewa.

Yaƙin da aka yi da shan inna ya bar mana wata shaida da ba a cika lura da ita ba. Bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003 da dawowarsa a 2004, an ƙara tsananta sa ido. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana ɗibar bayan gidansa sau biyu, a sa a akwatin sanyi, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. A 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a birnin Kano don neman ƙwayar. Yaro na ƙarshe da shan inna na asali ya shanye a jihar an same shi ne a Yulin 2014 a Sumaila, wadda ita ma dajin Falgore ya taɓa ta kamar Tudun Wada da Doguwa. To, cikin ma'aunan ingancin wannan aiki akwai wani mai ban sha'awa: ana sa ran aƙalla kashi 10 cikin 100 na samfuran su nuna wata entarobairas da ba ta shan inna ba. Idan ba a kai haka ba, ba a cewa ƙasar ta tsarkaka, cewa ake samfuran sun lalace a hanya. Ma'ana, ƙwayoyin sun yawaita a hanjin yaranmu har rashin ganinsu ya zama alamar kuskure. Yayyen jaririn da ke wasa a tsakar gida, suna shigowa ɗaki suna taɓa masa kumatu, su ne waɗannan yara.

Jariri yakan ɗauki ƙwayar ta hanya biyu. Ko daga uwa, idan ta kamu a kwanakin ƙarshe na ciki, wataƙila da ɗan zazzaɓi da ciwon mara da aka ɗauka na naƙuda ne. Ko daga mutanen gida da baƙi bayan haihuwa. Ta farkon ta fi haɗari. Uwar da ta taɓa haɗuwa da wani reshe tun da daɗewa tana miƙa wa ɗanta kariya ta mahaifa, amma wadda ta kamu ana saura kwana uku ta haihu ƙwayar kawai za ta miƙa masa, kariyar ba ta riga ta samu ba. Ana iya cewa a inda ƙwayoyin suka yi yawa haka, iyaye mata sun haɗu da rassa da dama tun suna yara, don haka jariransu sun fi na Turai kariya. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, tarihin shan inna ma ya nuna haka. Sai dai kariyar kowane reshe daban take, kuma rassan sun wuce 100.

Hanya ta biyu ta ratsa ta cikin al'ada. Daga ranar haihuwa 'yan barka ke shigowa, ranar suna kuwa jariri yana bin hannuwa tun safe har la'asar. Ƙwayar takan ɗauki kwana 3 zuwa 6 kafin ta bayyana, saboda haka sai taro ya watse, an mayar da tukwanen aro, a mako na biyu, jariri zai fara ƙin nono, kuma babu wanda zai haɗa wannan da wancan. Ba na cikin masu cewa a rage taron suna. Ba za a rage ba, kuma mai jego na buƙatar mutanenta. Abin da za a iya yi ƙarami ne: buta da sabulu a ƙofar ɗaki, mai mura ko gudawa ya yi barka daga tsaye, a ba jariri dakashi maimakon a matse a zubar, kada a ɗura masa ruwa.

Yawancin jariran da entarobairas ta kama suna warkewa cikin mako guda ko makamancin haka, ba tare da tabo ba. Wannan ne ya sa littattafan koyarwa ke kiran sanƙarau na bairas mai sauƙi, kalmar da ta dace da ɗan shekara biyar fiye da ɗan kwana biyar. A makonni biyun farko, musamman ga bakwaini, ƙwayar na iya wuce ƙwaƙwalwa ta kama hanta ko tsokar zuciya. Tsakanin Yulin 2022 da Afrilun 2023 Faransa ta ba da rahoton jarirai tara da reshen ekobairas mai lamba 11 ya kama, bakwai suka rasu, a asibitocin da ba su rasa komai ba. Akwai kuma ɗan uwansu parekobairas, wanda reshensa na uku ke addabar 'yan ƙasa da wata uku da zazzaɓi da jan fata da kuka, kuma har Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2022. Wayonsa shi ne ruwan laka yakan fito garau a gwaji ko da ƙwaƙwalwa ta taɓu. Duk waɗannan babu maganin da ke kashe su. Kulawa ce: ruwa, nono ta bututu, iskar numfashi, maganin jijjiga, ɗumi.

Hapis daban take, kuma a kanta ya kamata a fi tsayawa, domin ita ce wadda ke da magani kuma ita ce wadda jinkiri ya fi yi wa illa. Ƙwayar ita ce mai kawo ƙurajen ruwa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, da 'yar uwarta mai fitowa a al'aura. Ba ta da yawa a jarirai. Wani ƙiyasi na 2017 ya sa ta wajen 10 cikin haihuwa 100,000, kimanin jarirai 14,000 a shekara a duniya, kaso mafi girma a Afirka. Wajen kashi 85 cikin 100 a hanyar fitowa suke ɗauka, kashi 10 bayan haihuwa, daga sumbar mai ƙurji a leɓe ko taɓawarsa, sauran tun a ciki. Yawancin iyayen ba su taɓa sanin suna ɗauke da ita ba, kuma haɗarin ya fi girma ga matar da ta fara kamuwa a ƙarshen ciki, ba wadda ta daɗe da ita ba. Wannan batu ne da ma'aikacin lafiya ya kamata ya iya bakinsa a kai, domin a gidan da ke da kishiyoyi da surukai kalma ɗaya kan jawo wa mai jego zargin da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Tana zuwa da fuska uku. Wata a fata da ido da baki kawai take tsayawa, wata ta kama ƙwaƙwalwa, wata ta bazu a hanta da huhu da sauran jiki. Mai bazuwa, idan ba magani, tana kashe wajen 85 cikin 100. Mai kama ƙwaƙwalwa wajen rabi, kuma yawancin waɗanda suka tsira da naƙasa suke tashi. Da allurar asiklobir ta jijiya, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jariri duk sa'a takwas, mutuwa ta sauko zuwa wajen 30 cikin 100 a mai bazuwa, zuwa ƙasa da 10 a mai kama ƙwaƙwalwa. Lokacin bayyanarta abin lura ne. Ta ƙwaƙwalwa a mako na biyu zuwa na uku take fitowa, wato bayan suna, bayan wanzami ya yi aikinsa, ana tsakiyar wankan jego, lokacin da fitar mai jego daga gida sai da dalili mai ƙarfi. Kuma wajen ɗaya cikin uku na waɗannan jarirai ba sa yin ƙurjin da zai tona asirinta.

Daga nan matsalar ta koma ta ganewa. Babu likitan da zai kalli jariri ɗan kwana goma mai zazzaɓi da ƙin nono ya rantse bairas ce ko bakteriya. Alamun iri ɗaya ne. Shi ya sa ƙa'ida a ko'ina take a ɗauke shi a matsayin mai bakteriya har sai gwaji ya ce ba haka ba, a fara allura nan take. Gwajin kuwa shi ne ɗibar ruwan laka da siririyar allura a ƙasan baya, a wajen da ita lakar ta riga ta ƙare. Iyaye da yawa na ƙin yarda, suna cewa ɗibar ruwan baya ke shanye yaro. Fahimtar ba daga sama ta faɗo ba: yaran da ake ɗibar wa ruwan su ne waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, wasu su rasu, wasu su naƙasa, sai a ɗora wa allurar laifin cutar. A Kano akwai ƙarin tarihi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa a annobar 1996, inda 11 suka rasu, da shari'ar da ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009, sun bar tabo a kan duk abin da ya haɗa sanƙarau da takardar amincewa. Likitan da ya ɗauki minti goma ya zauna da uban yaro ya zana masa inda allurar ke shiga bai ɓata lokaci ba.

Ko an ɗebi ruwan, sauran aiki na nan. Jaririn da ya iso daga Kiru ko Bebeji sau da yawa ya riga ya sha maganin kemis ko an yi masa allura a ƙaramin asibiti, don haka bakteriyar ba za ta tsiro a ɗakin gwaji ba, kuma ruwan zai yi kama da na bairas. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin PCR, mai gano ƙwayar ta hanyar kayan gadonta cikin sa'o'i. Inda ba a yi shi ba, abin da za a rubuta a fayil shi ne cuta a jini, ko zazzaɓin da ba a gano sanadinsa ba, kuma bairas ba za ta taɓa shiga lissafi ba. Wani babban bincike da aka yi a Bangaladash da Indiya da Pakistan, mai suna ANISA, wanda ya fito a 2018, ya nuna girman wannan duhu. Cikin jariran da aka ɗauka suna da mummunar cutar bakteriya, kashi 28 cikin 100 kawai aka iya danganta wa sanadi: 16 bakteriya, 12 bairas. Injinan PCR sun shigo Kano da ƙarfi a lokacin korona a 2020, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero. Jihar da ta iya kai bayan gidan yaro daga ƙauye zuwa ɗakin gwaji mai nisan ɗaruruwan kilomita ba tare da sanyi ya yanke ba, ba ta da hujjar kasa kai ruwan laka daga Tudun Wada zuwa birni.

Amma kafin gwaji akwai hanya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna wajen ɗaya cikin biyar ne na haihuwa a jihar Kano ake yi a asibiti, kuma jarirai 39 cikin 1,000 a Najeriya ba sa cika wata guda. Daga Riruwai ko ƙauyukan Doguwa zuwa birni tafiya ce ta fiye da kilomita 150, ta cikin dajin Falgore da direbobi da yawa ba sa son ratsawa da dare. Ga mutanen Kwanar Dangora, Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya zaɓi ne kamar Kano, ga na can kudu kuma akwai Jos. Duk inda aka nufa, sai an nemo kuɗin mota da izinin maigida, wanda da damina yana gonar shinkafa ko masara. Daminar kuma ita ke kawo wani ruɗani, domin a yankin noman ruwa irin na Tiga duk zazzaɓi sunansa maleriya. A jaririn da bai kai wata biyu ba, maleriya ba ita ce zato na farko ba, kuma maganinta daga kemis kwana biyu yake saye wa cutar gaske.

Saboda irin wannan tazara Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2015 kan yadda za a yi da jariri idan tura shi babban asibiti ya gagara: allurar jentamaisin da amoksisilin na sha, a ƙaramin asibiti. Ƙa'idar ta tsaya ne a kan binciken AFRINEST da aka yi a Kongo da Kenya da Najeriya, kuma Zariya na cikin wuraren da aka yi shi, don haka jarirai irin namu aka gwada. Ta ba ma'aikacin karkara alamu bayyanannu: daina shan nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti, lotsawar ƙirji, zafin jiki 38 ko sama, sanyinsa ƙasa da 35.5, rashin motsi sai an taɓa. Ƙa'ida ce mai ceton rai, amma tana da iyaka da ita kanta ta faɗa. Jaririn da ya yi jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko ya daina motsi gaba ɗaya, ba na ƙaramin asibiti ba ne. A yi masa allurar farko a kama hanya. Haɗarin da nake gani shi ne sauƙin ƙa'idar ya sa a riƙe wanda bai kamata a riƙe ba. Amoksisilin da jentamaisin ba sa taɓa hapis ko kaɗan. Ko ga bakteriyar ma ƙarfinsu na raguwa: binciken BARNARDS, wanda Asibitin Murtala na Kano ke cikin cibiyoyinsa, ya nuna a 2021 cewa yawancin ƙwayoyin hanji da ke shiga jinin jarirai sun bijire wa amfisilin, ɗan uwan amoksisilin, da yawa kuma har da jentamaisin.

Saboda haka jaririn da ya yi kwana biyu ana masa allurar bakteriya bai farfaɗo ba, ko jijjigarsa ke maimaituwa a gefe ɗaya na jiki, ko aka ga ƙurjin ruwa ko da ɗaya ne a fatar kansa ko gefen idonsa, ya cancanci a fara masa asiklobir ba tare da jiran sakamako ba. A nan lissafi ke shigowa. Kwana 21 sau uku a rana allura 63 ke nan ta jijiya, da duba ƙoda, da uwa mai ɗanyen jego a kan tabarmar asibiti nesa da murhunta, sannan wata shida na maganin sha bayan sallama, wanda bincike ya nuna yana inganta girman ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. Iyalin da ke jiran kaka kafin su ga kuɗi ba za su ɗauki wannan su kaɗai ba. Tun da cutar ba ta da yawa, ajiye 'yan kwalabe a kowane babban asibiti na yankin, a cikin tsarin kula da mata da yara kyauta na jiha, ba zai girgiza kasafi ba.

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen ciwon ba. Sanƙarau kowane iri na iya taɓa ji, hapis da parekobairas kuma na iya barin farfaɗiya ko jinkirin zama da tafiya da magana, waɗanda ba sa bayyana sai bayan watanni. Iyalin Doguwa ba za su koma birni don a duba yaron da ke shan nono lafiya ba. Amma uwar za ta kai shi rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, da kuma wata na 9, a asibitin da ke kusa da ita. Idan aka rubuta a katin rigakafin cewa ya taɓa kwanciya da ciwon ƙwaƙwalwa, ma'aikaciyar da ke ɗiga masa magani za ta iya auna zagayen kansa, ta tambayi uwar ko yana firgita da ƙara, ko yana juyowa idan an kira shi, ta tura shi gwajin ji tun kafin lokacin koyon magana ya wuce.